Rumbu Cike da Gero, Ƙwarya Babu Fura

Idan akwai abin da Allah ya hore wa Sakkwato ba da mudu ba, to rana ce. A watan Afrilu zafi kan zarce maki 40, mai tafiya ƙasa a Sama Road da azahar sai ya riƙa gudu-gudu daga inuwar wannan dogon yaro zuwa ta wancan. Likitoci kuma sun daɗe da tabbatar da cewa fatar mutum tana haɗa bitamin D da kanta muddin rana ta taɓa ta, kuma wannan bitamin ne ke taimaka wa ƙashin yaro ya yi ƙwari har ya ɗauki nauyin jikinsa. A lissafi ke nan, garin da rana ta yi wa yawa haka bai kamata a ga yaro mai lanƙwasasshiyar ƙafa a cikinsa ba.

Amma ana gani. Ka riƙa lura da yara lokacin tashi daga Islamiyya, a Sama Road ne ko Mabera ko Runjin Sambo, wata rana za ka hangi wanda gwiwoyinsa ke gugar juna, abin da muke kira gwame, ko wanda ƙafafunsa suka buɗe waje yana tafiya yana rangaji. In ka yi magana a gidansu, amsar ba ta wuce, "Ƙyale shi, shina miƙewa in ya girma." Wata kaka ta ce an yi gaggawar tsayar da shi ne, wata ta ɗora wa goyo, wani kuma ya rufe zancen da cewa, "Gado na, haka ƙahwar kawunai take." Mai wannan magana ta ƙarshe galibi bai yi daidai ba. Sai dai a wasu gidaje ƙalilan ya faɗi gaskiyar da shi kansa bai san zurfinta ba.

Tafiyar gero daga rumbu zuwa ƙwarya

Kowace uwargida ta san gero a rumbu bai zama abinci ba tukuna. Ko dami ɗari ne, yaro ba zai ƙoshi da kallonsa ba. Sai an sussuke an sheƙe, a zuba tsabar a turmi a yayyafa ruwa a surfe, a bakace dusa, a wanke, a baza ya tsane. Daga nan a aza wa yarinya a roba, da citta da kanunfari da ɗan barkono a ƙulle a leda, ta kai inji ta ajiye a layi. In gari ya dawo a kwaɓa a cura, a jefa a tafasasshen ruwa, a tsame a kirɓa, a mulmula a barbaɗe da gari. Bayan duk wannan wahala ma ba a gama ba, sai an sami nono an dama.

Haka tafiyar bitamin D take a jikin mutum. Wanda rana ta haɗa a fata, da wanda aka samu daga gwaiduwar ƙwai ko kifi mai maiƙo ko ƙwayar magani, duk ɗanyen gero ne, ba ya aikin komai a yadda yake. Jini ne zai kai shi hanta ta yi masa surfe, wato sauyi na farko. Daga nan ya wuce ƙoda, ita ce injin, ta yi masa sauyi na biyu. Abin da ya fito daga ƙoda, wanda likitoci ke kira kalsitiriyol, shi ne mai aiki. Shi ke zuwa hanji ya yi sallama, wani ɗan mai karɓar saƙo da ke cikin ƙwayoyin hanji ya amsa masa, sannan hanji ya shiga tsotsar sinadarin kalsiyam daga abinci. Kalsiyam ɗin nan da ɗan'uwansa fosfet su ne ke zama a ƙashi su ba shi ƙwari. A misalinmu kalsiyam shi ne nono, kuma ba a misali kaɗai ba, domin nono na sahun gaba a abincin da ke ɗauke da shi.

Ga rumbu, ga turmi, ga inji, ga mai amsa sallama, ga nono. Duk wanda ya tsaya a cikin biyar ɗin nan, ƙwarya wayam. Yaron da ke jiran fura kuwa kukansa iri ɗaya ne, ko gero ne babu ko inji ne ya mutu. To haka ƙashi yake. Ko daga ina matsalar ta taso, alamun kusan ɗaya ne: wuyan hannu ya kumbura ya yi faɗi, ƙullutai su jeru a haƙarƙari, maɗiga ta yi jinkirin rufewa, haƙora su yi nawa, yaro ya shekara biyu bai taka ba, ko ya taka ya riƙa kukan ƙafa yana neman a ɗauke shi. In kalsiyam ya yi ƙasa sosai a jini har jijjiga yakan yi, babu zazzaɓi babu komai. Shi ya sa ido kaɗai ba ya raba wannan gardama.

Abin da aka gano a Jos

Turawa sun daɗe suna rubuce-rubuce a kan wannan ciwo, domin ya addabe su ƙwarai. Wani likita a Ingila, Francis Glisson, ya wallafa littafi a kansa tun 1650. Da hayaƙin masana'antu ya rufe sararin biranensu, ciwon ya yi yawa har wasu ƙasashen Turai suna kiran sa cutar Ingilishi. A 1919 wani likita a Balin ya warkar da yara da hasken wata fitila ta musamman, a 1922 kuma aka raɗa wa bitamin D suna a Amurka. Tun daga lokacin karatun ya zama ɗaya: lanƙwasar ƙashi rashin rana ne, maganinta bitamin D. Wato kowa ya ɗauka rumbu ne babu gero.

Wannan karatu bai zauna daidai a ƙasarmu ba. A asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, Dakta Thomas Thacher da abokan aikinsa sun riƙa ganin yara masu wuni a rana amma ƙafafunsu a lanƙwashe. Sai suka ɗauki yara 123 suka kasa su uku: wasu allurar bitamin D, wasu ƙwayar kalsiyam, wasu duka biyun, har tsawon mako 24. Sakamakon ya fito a mujallar New England Journal of Medicine a 1999. Cikin waɗanda aka ba kalsiyam kaɗai, kashi 61 cikin ɗari sun kai ga warakar da ake nema. Masu shan duka biyun, kashi 58. Masu bitamin D kaɗai kuwa, kashi 19 kacal. Da aka auna abincin yaran, sai aka tarar kalsiyam ɗin da suke samu a rana bai wuce kimanin miligiram 200 ba.

Ashe gero na nan, turmi na aiki, inji lafiya lau. Nono ne babu. Yaron da aka yaye aka ɗora shi a kan koko da tuwo safe da dare, ba madara ba kifi, yana samun kalsiyam kaɗan ne, kuma hatsi irin su gero da dawa da masara suna ɗauke da wani sinadari mai riƙe ɗan abin da aka samu ya hana hanji tsotsa. Wannan shi ne dalilin mafi yawan irin wannan ciwo a Nijeriya, kuma abin farin ciki, shi ya fi sauƙin gyara.

Amma binciken ya bar baya da tambaya. Yaran da ƙafafunsu ke miƙe, da aka auna nasu abincin, su ma kimanin miligiram 200 ɗin suke samu. Tukunya ɗaya, tuwo ɗaya, me ya sa wannan ya lanƙwashe wancan bai lanƙwashe ba? Me kuma ya sa a wani gida za ka ga wa da ƙane da uba duk da irin ƙafa ɗaya? Nan ne hankalin masu bincike ya koma kan gado.

Turmin da ya gaji rauni

Labarin ya faro ne a Amurka. A 1994 likitoci suka ba da rahoton wasu yara biyu, wa da ƙane, 'yan asalin Nijeriya, masu lanƙwasar ƙashi duk da suna samun bitamin D daidai gwargwado. An yi zargin hanta ce ba ta yin aikinta, amma babu hujja. Sai a 2004 masu bincike a birnin Dallas na jihar Teksas, a ɗakin binciken Farfesa David Russell, suka gano inda gizo ke saƙar: tawaya ce a wata ƙwayar gado mai suna CYP2R1, wadda ke ba hanta umarnin yin wancan sauyi na farko. Abin lura, da jinin ɗan Nijeriya ne duniya ta tabbatar da wane ne babban mai surfen bitamin D a jikin ɗan Adam.

A 2015 Thacher da Michael Levine da abokansu suka dawo da tambayar gida. Suka bincika iyalai 12 na Nijeriya da ciwon ya taɓa fiye da mutum ɗaya a cikinsu, suka sami tawayar wannan ƙwaya a iyalai biyu. Waɗanda suka gaje ta daga uwa da uba duka, da aka ba su bitamin D mai yawa, abin da ya ƙaru a jininsu kaɗan ne. Waɗanda suka gaje ta daga ɓangare ɗaya, nasu ya zo da sauƙi. Ga gero buhu-buhu a tsakar gida, amma mai surfe ba ta iya fitar da fiye da tafin hannu. Maganin irin wannan shi ne likita ya ninka yawan bitamin D bisa awo, ko ya ba da nau'in da aka riga aka yi wa sauyin hanta, a haɗa da kalsiyam.

Injin da ya tsaya, da ƙofar da ba a amsawa

Akwai kuma yaron da turminsa ƙalau, injin ne bai taɓa tashi ba tun haihuwa. Likitan yara ɗan ƙasar Siwizalan, Andrea Prader, shi ya fara bayyana wannan nau'i a 1961. Ƙwayar gadon da ke da alhaki sunanta CYP27B1. Irin wannan yaro tun kafin ya cika shekara biyu jikinsa ke sakewa, ya ƙi girma, ya riƙa jijjiga. Abin da ke rikita mai dubawa shi ne, gwajin bitamin D da aka saba yi a asibiti surfaffen geron yake aunawa, wato abin da ya fito daga hanta. A jinin wannan yaro kuwa shi ne jibge, tamkar robobin da suka yi layi a gaban inji ranar da babu wuta babu mai. Takarda za ta nuna komai lafiya, yaro kuwa yana lanƙwashewa.

Me uwargida ke yi in injin unguwa ya lalace? Ba ta ƙara aika gero. Gari take saye. Maganin ke nan: a ba yaro kalsitiriyol kai-tsaye, ko alfakalsidol wanda ba ya buƙatar aikin ƙoda. Ɗan kaɗan ake sha kullum, amma har tsawon rai. In an fara da wuri ƙashi yakan warke, yaro ya girma kamar kowa. A yankin Saguenay na lardin Kwibek a Kanada, inda yawancin mutane suka fito daga tsatson 'yan iyalai kaɗan na Faransawan da suka fara zama a wurin, kimanin mutum 1 cikin 27 na ɗauke da wannan tawaya a ɓoye, kuma likitocinsu sun san ta sarai.

Nau'in da ya fi wuya shi ne wanda aka fara bayyanawa a 1978. Nan komai ya kammala, fura ta iso ƙofar gida, ana ta sallama, babu mai amsawa, domin mai karɓar saƙon ne ke da tawaya. Jinin yaro cike yake da kalsitiriyol amma hanji bai san ana yi ba. Da yawa daga cikin irin waɗannan yara gashin kansu kan zube tun suna jarirai, wasu har gira. An fi samun rahotonsu daga iyalan Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya. Wasu kan amsa in aka ba su magani mai yawa ƙwarai, wasu kuwa sai an zagaye hanji gaba ɗaya ana ba su kalsiyam ta jijiya na tsawon watanni kafin ƙashi ya kama.

Zancen zumunci

Yadda ake gadon waɗannan cututtuka ba baƙo ba ne ga wanda ya san sikila. Uba na ɗauke da rabi, uwa na ɗauke da rabi, dukansu suna harkokinsu. A kowane ciki, damar yaro ya haɗa biyun ɗaya ce cikin huɗu. Ba wai in an haifi huɗu dole ɗaya ya kamu ba. Kowane ciki lissafinsa daban, ana iya samun biyu a jere, ana iya haihuwa shida babu ko ɗaya.

Da yake tawayar ba ta da yawa a cikin jama'a, da wuya bare biyu su haɗu kowanne na ɗauke da ita. Amma ɗan wa da 'yar ƙane kakansu ɗaya, don haka abin da ke ɓoye a jinin kakan yana iya biyowa ta hanya biyu ya haɗu a jikin tattaɓa-kunne. Wannan ba zagin auren zumunci ba ne. Addini ya halatta shi, kuma mafi yawan 'ya'yan da ake samu ta hanyarsa lafiyarsu ƙalau. Abin da ake cewa shi ne, zuri'ar da ta ga ciwo iri ɗaya na maimaituwa a 'ya'yanta ta nemi shawarar likita kafin ta ƙulla wani auren na gida. Sannan a daina ɗora wa uwa ita kaɗai. Sau nawa ake ce wa mace nononta ne ba shi da kyau, ko daga danginta abin ya fito? Gadon nan rabi da rabi ne, na miji da na mata.

Abin da ya kamata iyaye su yi

Da farko, ba kowace lanƙwasa ce ciwo ba. Mai cewa yaro zai miƙe yana da tasa gaskiyar: jarirai da yawa ƙafafunsu kan ɗan buɗe waje har zuwa shekara biyu, su ɗan yi gwame a shekara uku zuwa huɗu, su daidaita wajen shekara bakwai. Abin da ke sa a tashi tsaye shi ne lanƙwasa mai ƙaruwa, ko ta ƙafa ɗaya, ko mai haɗe da ciwo, kumburin wuyan hannu, gajarta fiye da sa'o'i, ko jijjiga. In an ga haka a nufi sashen yara, a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru na Sakkwato. Hoton wuyan hannu da gwiwa, da gwajin jini, su za su fara nuna hanya.

Na biyu, abinci. Matsayar da masana na duniya suka cimma a 2016 ta ce yaron da ya wuce shekara ɗaya yana cikin haɗari in kalsiyam ɗinsa bai kai miligiram 300 a rana ba, in kuma ya haura 500 ya wadatar. Kofi ɗaya na madara ko kindirmon da ba a tsuga wa ruwa ba yana ba da kusan 300. A Jos ɗin dai an gwada garin busasshen kifi da aka niƙa har da ƙashinsa, ya kuma warkar. Kuka da zogale da riɗi su ma suna taimakawa. Abin kunya ne a jihar shanun Gudali da jajayen awaki a ce yaro ya lanƙwashe don rashin nono. Jariri mai shan mama kuma, matsayar ta ce a ba shi ɗigon bitamin D ma'auni 400 kullum a shekararsa ta farko, domin nonon uwa ba ya ɗauke da shi da yawa, musamman in uwar ba ta cika samun rana ba.

Na uku, a kiyayi ƙara gero ga injin da ya mutu. Yaron da aka ba kalsiyam da bitamin D yadda ya kamata, cikin wata uku zuwa shida ake ganin sauyi a hoto da jini, ko da ƙafar za ta ɗauki lokaci kafin ta miƙe. In wannan lokaci ya wuce shiru, kada a koma kemis ana ƙara allura bisa allura. Bitamin D in ya yi yawa yana tara kalsiyam a jini ya lalata ƙoda. A koma wurin likita a faɗa masa abu uku: an sha magani bai yi ba, akwai wani mai irin wannan a dangi ko babu, kuma iyayen 'yan'uwan juna ne ko a'a. Waɗannan amsoshi su za su sa ya yi tunanin gado, ya duba hanta da ƙoda, ya kuma duba wani nau'in na daban da ƙoda ke zubar da fosfet a fitsari, wanda shi ma gadonsa ake yi.

Jinkiri yana da tsada. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ƙashin yaro ma tun yana girma yake karɓar gyara. In an bari ya ƙosa a karkace, sai dai tiyata. Ga 'ya mace kuma abin ya wuce ƙafa, domin ciwon kan iya tsuke ƙashin ƙugu, ya zo ya zame mata doguwar naƙuda ranar haihuwa.

Saura hukuma. Gwajin bitamin D da magungunan da masu ciwon gado ke sha har tsawon rai sun fi ƙarfin aljihun talaka. Muna kira ga gwamnatin jiha da ta sa su cikin abin da ake sauƙaƙa wa yara, ta kuma horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa duba wuyan hannu da ƙafar kowane yaro ranar rigakafi. Ku kuma iyaye, duk yaron da ya haura shekara biyu ƙafarsa na ƙara lanƙwashewa, kada ku jira girma ya miƙar da ita. Ku kai shi asibiti, ku kuma tafi da 'yan'uwansa a duba su tare.